Sauron da Ya Cije Ni a Ghana

Tun da na dawo daga Ghana bakina bai huta ba. In na je ɗibar ruwa a tare ni, in na je kitso a tare ni, har a gidan suna sai da aka tsayar da ni da kwano a hannu ana tambayata yaya can ɗin take. Maman Walid ce ta ce in dai ba rowa nake yi ba, in zauna in rubuta gaba ɗaya a saka a gurup ɗinmu na matan Gabukka, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata. To ga shi. Karatuna firamare ne da Islamiyya, wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta ta wuce.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane abin da ya kai ni. Kun san daminar bara 'yata Nana ta yi zazzaɓin da ya kai ta ga jijjiga. Ina riƙe da ita idonta ya juye, na fita ko mayafi babu. Sai da aka yi mata ƙarin jini. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ni ban koma daidai ba. Tun daga nan ko kukan sauro ɗaya na ji a ɗaki sai na tashi da tocila na nemo shi. Baban Nana har suna ya sa min, wai Sarkin Yaƙin Sauro. Dada kuwa, surukata da muke gida ɗaya, gidan sauronta yana da huda da babban yatsa zai shige, kuma Nana ba ta da wurin kwana da take so kamar bayan Dada. Na yi magana a fakaice, na yi a fili, na ajiye mata allura da zare a kan taga. Sai ta yi dariya ta ce sauro ɗaya me zai yi, su da suka girma a ruga ba gidan sauro ba komai.

Sista Rifkatu ta asibitin unguwa, wadda ta kwana a kan Nana lokacin ciwon, ita ta kawo maganar tafiyar. Ta ce wata ƙungiya za ta kwashi mutane daga garuruwa su je Ghana su ga wani aiki da ake yi a kan sauro, kuma ba masu digiri kaɗai ake so ba, ana son uwa wadda ta san ciwon. Ta ce ni ta zaɓa saboda ba ta taɓa ba ni magani na karɓa ban yi mata tambaya goma ba.

Yadda ta yi min bayani, wai masana sun gano hanyar taɓa gadon sauro, abin nan da ɗa ke ɗaukowa wurin uwa da uba. A al'ada ɗa yakan ɗauko wani abu nan, wani abu can. Amma wannan da suka taɓa, kusan duk 'ya'yan sai sun ɗauke shi, su ma su miƙa wa nasu, har ya game dangi. Aikinsa kuma shi ne ya hana matan sauro yin ƙwai, don irin da ke kawo maleriya ya yi ta raguwa. Ba a sake shi a ko'ina ba tukuna, ana ta auna abin da zai iya biyo baya, domin in ya fita ba mai iya kiran sa ya dawo.

Kafin maganar ta zagaya layinmu ta koma sauro mai hana haihuwa. Kun san da haka, don wasunku ne suka faɗa min. Ni kuma Nana ta wuce shekara uku ban sake samun ciki ba. Dada ba ta taɓa yi min gori ba, amma ina ganin yadda take bin cikina da kallo duk lokacin da na yi sabon ɗinki. Da Baban Nana ya amince da tafiyar, sai ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Ki je, tunda mijinki ya yarda," ta ce. "Amma ko guda ɗaya kada ki bari ya taɓa jikinki. Ki dawo mana yadda kika tafi."

Na ce to, Dada. Da wannan maganar na tafi, tana zaune a ƙirjina kamar dutse.

An yi mana fasfo, an yi mana allurar shawara aka ba mu wani kati ruwan ɗorawa. Ni kuma na yi abin da kowace mace za ta yi in za ta shiga mutane: na turara kayana kaf da turaren wuta, har ɗankwali, na shafa musu humra. Dada ta zo ta yayyafa fiya-fiya a cikin jakar don kada wani ƙwaro ya bi ni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu uku muka tashi daga Gombe: ni da Sista da Malam Buba, wani tsohon malamin gona mai lambu a Kwadon. Dattijo ne mai son magana, yana tafe da butarsa da rediyonsa, kuma ba ya cire hularsa ko barci yake. Tun kafin mu kai Bauchi ya gama faɗa mana damuwarsa. Shi ba haihuwa ce ta dame shi ba. Cewa yake in aka ƙarar da sauro, jemage da kwaɗi da ƙananan kifi me za su ci, kuma in suka rasa abinci wa zai cinye masa ƙwarin lambu. Yana kirana 'yata, ina kiran sa Baba. A Jos sanyi ya kama ni, a Lokoja na ga ruwan da ban ga ƙarshensa ba na ɗauka teku ne, Sista ta ce in adana mamakina, da saura. Duk inda muka tsaya sai na kira gida na tambaya ko jikin Nana da zafi, har Baban Nana ya ce in na sake kira kafin magariba zai kashe wayar.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban gan ta ba. Hannun Sista na riƙe, idona a kan jakata. A can muka haɗu da sauran mutanen wasu jihohi, aka zuba mu a doguwar mota mai sanyi.

A motar nan ne na fara lura da wani sauro. Yana maƙale a labulen taga ta gefena, cikinsa ja, da alama ƙafar Sista ya sha don tana ta susa. Na kai hannu ya shige bayan kujera. Da muka iso bodar Seme aka ce kowa ya sauka da fasfo da katin allura. Nan na nemi katina na rasa. Na zazzage jaka a gaban jami'in, gumi yana karyo min, Baba yana ta ba shi haƙuri da Turancinsa na da. Ashe tsabar tsoron kada ya ɓata ne ya sa na cusa shi a cikin safar ƙafata tun a Gombe na manta. Jami'in ya riƙe shi da yatsu biyu ya buga mana hatimi. Da muka koma mota, ga sauron nan a labule, yana zaune abinsa. Shi ba wanda ya tambaye shi kati.

Haka muka ratsa ƙasar Benin, inda na ga mata suna tuƙa babur da goyo a baya da kaya a ka, ba mai ko kallon su. Aka sake sauke mu a bodar Togo, aka sake a ta Ghana. A Togo na ga teku na gaskiya, hanya tana bin bakinsa, na yi ta salati. Da muka isa Ankara, wato Accra, aka buɗe ƙofa, na ga sauro ya fita ta saman kan direba. Ba zan rantse shi ne na Legas ba. Amma raina ya ba ni shi ne.

Abin da ya fara ɗaure min kai a garin shi ne fastocin da aka manna a bango. Kowane bango da hoton wani dattijo ko tsohuwa sun sha ado suna murmushi. Na tambayi Baba wace jam'iyya ce wannan mai tsayar da tsofaffi haka. Sista ta yi dariya har da hawaye, ta ce sanarwar mutuwa ce. Wai su sukan ajiye gawa a asibiti wata da watanni sai dangi sun taru an shirya, a yi kiɗa a ci abinci. Na tuna yadda mu in mutum ya rasu da safe, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Sista ta ce su ma a garinsu Kaltungo sukan jira dangi, amma ba su kai nan ba.

Abinci kuwa ban sha wahala ba. Da safe akwai koko da ƙosai, kuma Hausa koko suke ce masa, sai dai yajinsa ya fi namu. Akwai shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi ta yi ja, a zuba mata wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi. Akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, shi ne Baba ya ci loma ɗaya ya ce wannan ya kwana, aka ce masa haka ake son sa. Masaukinmu ɗaki ne mai na'urar sanyi, fes da shi, amma ba gidan sauro. Na ciro nawa na ɗaura igiya ɗaya a ƙarfen labule, ɗaya a hannun kabad, na kwanta a ciki kamar kaza a akurki. Sista da muke ɗaki ɗaya ta ɗauke ni hoto, tana nan da shi.

Washegari aka kai mu wurin da ake kiwon sauron. A bakin ƙofa wata mata ta tare mu, babba ce, mai ƙiba da fara'a, sunanta Anti Memuna. Haifaffiyar Zango ce, unguwar Hausawan can, ta daɗe tana aiki a wurin, ita ce kuma aka ba mu ta riƙa fassara mana. Hausarta daban take da tamu amma muna fahimtar juna sarai. Tana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kaina sai ta tsaya ta ja numfashi. Ta sake ja. Ta tambaye ni me na sa a kayana. Ni da jin daɗi na ce turaren wuta ne, haɗin Maiduguri. Ta ce ban da shi fa. Na ce sai ɗan fiya-fiya da surukata ta yayyafa a jaka.

Ta dafe kai. Ta ce in na shiga ɗakin nan da kayan nan, kafin la'asar sai sun yi jana'izar aikin wata uku. Ashe ko turaren jiki ba a shiga da shi, balle maganin ƙwari. Na ce ina da wasu kayan a masauki, sai na tuna duk jaka ɗaya suka kwana. Kunya ta rufe ni. Na yi tafiyar da ban taɓa yin irinta ba, na bar 'yata, ga shi za a bar ni a waje saboda ƙamshi. Anti Memuna ta dube ni ta ce in biyo ta. Ta kai ni banɗakin ma'aikata, ta ba ni sabulu marar ƙamshi na yi wanka, ta ciro wata doguwar rigarta ta ajiya da mayafi. Mu biyu za mu shiga rigar nan mu bar wuri. Haka na fito ina jan ta a ƙasa, Baba ya ce kai, 'yata ta zama Hajiya.

Ƙofa biyu ake bi, kuma ta ciki ba ta buɗuwa sai ta waje ta rufe. Tsakaninsu iska ce ke busowa daga sama da ƙarfi, ga madubi babba da za ka juya ka duba bayanka. Aka ba kowa farar riga. Aka ce Baba ya cire hula, ya ce shi tun da ya yi aure ba a ga tsakiyar kansa ba, aka gaji aka ƙyale shi. Ni kuwa na ja hannun riga har ya rufe yatsuna, ina tuna maganar Dada.

Ciki fari ne tas, bango da ƙasa da sama, don ko sauro ɗaya ya sauka a gan shi. Zafi da gumi kamar kicin a tsakiyar damina. Ga faranti-faranti na ruwa cike da tsutsar sauro ana barbaɗa musu abinci. Ga kejina na raga a jere, kowanne da wani hannu na yadi kamar hannun riga, an ƙulle bakinsa, ta nan ake sa hannu in za a yi aiki. Ana ba su ruwan sukari a auduga. Matan kuma, da yake su ne masu cizo, ana ɗuma musu jini a wani ɗan ƙoƙo mai fata-fata su tsotsa. Ni da na shekara ina farautar su da tocila, ga mutane suna yi musu hidima kamar jarirai.

Shugabar wurin wata 'yar siririyar mata ce, Dakta Abena, ba ta ɗaga murya. Tana cikin bayani Anti Memuna na fassarawa, Baba ya matsa kusa da wani keji. Idonsa ba ya gani sosai ta cikin raga, sai ya kwance ƙullin yadin nan don ya leƙa da kyau. Ban ga lokacin da ya yi ba. Abin da na ji shi ne Anti Memuna ta ce biyu sun fita, ta yi tsalle ta damƙe bakin yadin. Wani ma'aikaci ya danna wani abu a bango, ƙofa ta yi ƙara ta kulle.

Ina cikin kallon su na ji ɗan tsini a wuyan hannuna, daidai inda rigar ta zame lokacin da na ɗaga hannu na gyara mayafi. Hannuna ya riga tunanina. Tas. Na ɗaga tafina, ga shi a murƙushe, ga ɗan ɗigon jini.

'Yan'uwa, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Abu ɗaya aka ce in kiyaye a duk tafiyar nan. Na ga fuskar Dada, na ga Nana ta girma ita kaɗai ba ƙani ba ƙanwa, na ga kaina ina yi wa Baban Nana bayani. Hawaye kawai ke zuba. Sista ta durƙusa tana tambayata ko jiri nake ji. Tun daga Gombe nake ɗauke da tambayar nan da kuka aiko ni da ita, ina ta jiran in samu Dakta ita kaɗai, don ba maganar da za a yi a gaban maza ba ce. To ga ƙofa a kulle, ga maza cike da ɗaki, ga jini a hannuna. Na rufe fuska da mayafin aro na faɗa.

"Anti, ki tambayar min ita. Ya cije ni. Shi ke nan ba zan sake haihuwa ba?"

Anti Memuna ta fassara. Ban ji wanda ya yi dariya ba, kuma har yau ina gode musu da wannan. Dakta Abena ta zo ta tsuguna a gabana, ta kama hannun ta duba. Ta ce a faɗa min, a duk ginin nan babu sauro ko ɗaya da aka taɓa wa gado. Waɗannan na gida ne, irin na kwata, jikokin waɗanda aka kamo a ƙauye. A keji aka haife su, ba su taɓa cizon mai ciwo ba, don haka ko maleriya ba su da ita. Anti Memuna ta ƙara da nata, ta ce tun da aka haife ni sauro mai tsafta irin wannan bai taɓa cizona ba, in ma gode masa.

Na share fuska na ce to in na gida ne, me ya sa aka kulle mu?

Amsar da Dakta ta ba ni ita ce abin da na fi so ku ji. Ta ce koyo suke yi. Hukuma ba za ta ba su izinin ajiye wancan sauron ko a keji ba, sai ta ga sun iya riƙe wannan. Don haka suke bi da na kwata kamar shi ne mai haɗarin. In ɗaya ya fita, ba mai fita sai an same shi, kuma sai an rubuta yadda aka yi ya fita don a toshe hanyar. Sun daɗe suna haka, ba tare da sun san ranar da za a ce musu sun ci jarrabawa ba.

Na ce to da a ce wancan ne ya cije ni fa? Ta ce abin da sauro ke zuba wa mutum yawu ne, gado kuma ba ya bin yawu, ta hanyar haihuwa kaɗai yake bi, daga sauro zuwa ɗan sauro. Anti Memuna ta ce shekara nawa sauro na cizon matan garinku, akwai wadda ta haifi ɗa da fiffike? A nan ne mutane suka samu damar dariya, har da ni. Amma Dakta ba ta tsaya nan ba. Ta ce duk da haka sai an gwada yawun nasa an tabbatar bai fi na kullum illa ba, kuma ba su za su yi wa kansu shaida ba, wasu ne daban za su duba.

Ana wannan magana ana neman na biyun. Manyan mutane da fararen riguna, wasu a durƙushe suna haska ƙarƙashin tebur da tocila, wani a kan kujera yana duba silin. Lokacin abinci ya yi ya wuce. Ina kallon su sai na ji wani abu ya sake a ƙirjina. Abin da ake yi min dariya a kansa a gida, ga shi a nan aiki ne, har albashi ake biya.

Da na ga bakina ya buɗe, sai na ba Dakta labarin sauron motarmu, yadda aka sauke mu sau uku ana duba takardu shi yana zaune a labule. Na ce in wata ƙasa ta yarda ta saki nata, mota ɗaya ta isa ta kawo mana shi Gombe. Mu wa zai tambaye mu? Ta ce wannan tambayar ba ta da cikakkiyar amsarta, kuma duk wanda ya ce min yana da ita in yi hankali da shi. Ta ce dole ƙasashe su zauna tare kafin a saki ko ɗaya, ana kan maganar, ba a gama ba, kuma dalilin da ya sa aka ɗauko mu daga nesa ke nan. Ni dai ban taɓa jin likita ta ce ban sani ba a gaban jama'a sai ranar.

Sista ce ta gano sauro na biyun da ake nema. Ta ce Baba kada ka motsa. Yana nan zaune a bayan hularsa, cikin zanen ɗinkin, inda ba fari. Anti Memuna ta lallaɓo da wani bututu da ake zuƙa da baki ta tsotse shi. Baba ya cire hular da kansa, ya riƙe ta a hannu har muka fita, aka ga tsakiyar kan da ba a gani ba tun aurensa. Sai da suka sake bin ɗakin kusurwa-kusurwa kafin a buɗe. Abincinmu ya huce, muka ci haka.

Kashegari aka kai mu wani ƙauye saboda irin tambayar Baba. A can suke tattara kashin jemage da tsuntsaye, su duba cikin kifi da gizo-gizo, don su san wa ke cin sauron nan kuma ko akwai wanda ba shi da wani abinci sai shi. Suka ce har yanzu ana dubawa. Baba ya tambaya ko in wannan irin ya ragu wani mugun ba zai maye gurbinsa ba, suka ce wannan ma yana cikin abin da ba a gama sani ba. Ya wuni yana leƙa kwalaben kashin jemage, hannunsa biyu a baya, bai taɓa komai ba.

Dawowa ba ta yi min tsawo ba. Katina yana hannuna a kowace boda. Anti Memuna ta ce in riƙe mayafin, ni kuma na bar mata sauran turaren wutata, da sharaɗin sai ranar da ba ta zuwa aiki.

Masu tambayata ko na yarda a sake shi, ga abin da zan ce. Ranar da Nana take jijjiga a hannuna, da an ce min ga shi, da na ce a sake shi yanzu-yanzu. Ranar da zan tafi kuma, da an tambaye ni, da na ce a ƙone shi. Yanzu ina so ya zo, amma ina so ya zo ta hannun masu kulle ƙofa saboda guda ɗaya, kuma a tambaye mu kafin nan. Maganar hana haihuwa dai ku ajiye ta. Ƙanin Nana yana wurin Allah, inda yake tun kafin in tafi.

Na samu Nana lafiya lau, ta yi baƙi da wasa a rana. Da aka watse daga yi min sannu da zuwa, na bi Dada ɗakinta. Duk hanya ina shawarar ko in ɓoye mata, amma na san in ta ji a bakin Sista ya fi muni. Na miƙa mata hannun na ce Dada, ɗaya ya cije ni. Ta riƙe wuyan hannun ta kai shi kusa da idonta, wurin ma ya riga ya baje. Na ba ta labarin tun daga rigar aro har hular Baba. Ba ta katse ni ba.

"Yanzu saboda guda ɗaya suka hana ku fita?" ta ce.

"Har abinci ya huce, Dada."

"Kuma da karatunsu?"

"Da karatunsu."

Ta saki hannuna ta ce in je in huta, na sha hanya. Ban san ko ta gamsu ba, don Dada ba ta faɗin irin wannan.

Washegari bayan la'asar na fito zan ɗora girki, sai na gan ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta kwanto gidan sauronta ta shimfiɗa a cinya, ta sa yatsa a cikin hudar nan, Nana na gefe tana wasa da ƙwaryar zare. Allurar da na ajiye a taga tun bara ce a hannunta. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

"Ke Rukayya, zo ki sa min zaren nan," ta ce. "Idona ba ya ganin kafar allura."